Salula ta kawo kasuwa gida, amma iyaka na nan inda take

Tun zamanin kaka da kakanni, duk wanda ya yi niyyar fatauci a ƙasar Adar sai ya tanadi abu uku: jarin da zai sari kaya, dabba ko motar da za ta ɗauke su, da rumfar da zai baje su ranar kasuwa. A yau salula ta sauke wa jama'a nauyin rumfa. Mace na zaune cikin ɗakinta a Karofan, ko Buza, ko Keita, sai ta sa hoton atamfa ko na takalmi bisa WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar an gama ciniki, kuɗi sun iso ta Nita ko Amana ko Airtel Money. Wannan ci gaba ne wanda ba mai musunsa. To amma hoto ne kaɗai ke tafiya cikin iska. Kayan su kansu, har gobe, sai sun hau mota, sun bi hanya, sun tsaya bakin iyaka an kwance su an yi musu kuɗi. Tsakanin shagon da aka saro kaya da ƙofar gidan mai saye, nan ne ribar ƙaramin ɗan kasuwa ke tsiyayewa, kuma sau da yawa shi kansa bai san ta inda ta bi ba.

Akwai wata malamar lakwal a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Karofan, cikin gundumar Buza, wadda abin da ya same ta ya isa abin nazari ga ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati baki ɗaya, domin ita tana da ƙafa a kowane ɓangare. Ƴar kwantaragi ce, yara na kiran ta Madan. Albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, maigidanta kuwa, kamar ɗimbin mazan Adar, yana can bida a Abijan, abin da ya samu shi yake aikowa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta sake buɗe ta Ilela ba sai cikin Disamba na 2020. Ƴan watanni bayan haka kwasar adashi ta zo kan malamar, sai ta yanke shawarar juya kuɗin. Ta samu lambar wata mai shago a Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi ta Kano. Mai shagon na turo hotunan atamfa da leshi da mayafai, ita kuma tana tura su ga ƴan uwanta malamai, da ungozomomin gidajen likita, da matan ma'aikata na Buza da Madawa. Wadda ta ga abin da ya yi mata sai ta ba da rabin kuɗi, sauran kuma idan kaya sun iso.

A bisa takarda, ribar a fili take. Ta san kuɗin turmi a Kano, ta san kuɗinsa a kasuwar Madawa, abin da ke tsakani kuwa ya isa cefanen kwanaki. Sai da kwalin farko ya iso ta ga hannuwa nawa ya ratsa. Ɗan dako ya ɗauke shi daga shago zuwa tasha. Direba ya kai shi Sakkwato, wani ya ƙarasa da shi Ilela. Akwai wanda ya tsallakar da shi zuwa Konni, akwai abin da aka biya na duwan. Daga Konni ya hau motar Madawa ta hanyar Galmi, daga Madawa kuma ɗan kabu-kabu ya ɗaure shi bayan babur har ƙofar lakwal. Kafin duk wannan, ɗan canji ya riga ya ɗauki nasa lokacin da aka maida sefa naira, mai tura kuɗi ma ya karɓi ladansa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan mutane da ya zalunce ta, kowa guminsa ya ci. Amma da ta zauna da alli da allo, kamar yadda take koya wa yara lissafi, sai ta tarar ribar da ta hango ta rabu gida goma, nata kason bai taka kara ya karya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin farko shi ne yawancin ɗawainiyar hanya ba ta duba girman kaya. Direba yana da kuɗin da ba ya sauka ƙasa da shi, ko da ƙunshin bai fi matashin kai ba. Takardar fidda kaya daga duwan ɗaya ce, ko kwali guda aka rubuta cikinta ko kamyo cike. Taranzite, wato mai tsayawa ya cike takardu ya fiddo kaya, kusan aikin da zai yi wa mai kwali guda shi zai yi wa mai kwantena. Babban ɗan kasuwar Maraɗi ko Konni yana raba wannan ɗawainiya bisa turmi dubu, sai ta zama ƴan daloli kan kowane turmi. Malamar Karofan bisa turmi goma take raba ta. Ke nan tun kafin a zo maganar haraji, ƙaramin ɗan kasuwa ya riga ya sayi hanya da tsada fiye da babba, alhali kuwa a kasuwa ɗaya za su sayar, ga mutane ɗaya.

Dalili na biyu yana cikin yadda doka ke lissafin kuɗin duwan, kuma da yawa daga cikin masu sayarwa ta salula ba su taɓa jin bayaninsa ba. Tsarin harajin bai ɗaya na Afirka ta Yamma, wanda ya fara aiki cikin 2015, ya kasa kayan da ke shigowa daga waje gida biyar: waɗanda ba su biyan kome, kamar littattafai da magunguna da dama, sai masu biyan kashi 5, da 10, da 20, da 35 bisa 100. Ɗinkakkun tufafi da takalma, irin abin da aka fi talla ta salula, suna gidan kashi 20. Bayan shi akwai TVA, wadda a Nijar kashi 19 ce, da wasu ƙananan kuɗaɗe: kashi 1 na ƙididdiga, da na ƙungiyar UEMOA, da rabin kashi 1 da ƙasashen AES suka sa a watan Maris na 2025. Abin lura a nan shi ne yadda ake ɗora su. Ana haɗa kuɗin saye da na jigila da na inshora har zuwa bakin iyaka, jimillar ita ake ɗora wa kuɗin duwan, sa'an nan a ɗora TVA bisa duka, har da shi kuɗin duwan ɗin.

Mai karatu ya ɗauki wannan misali, don sauƙin lissafi. Mutum ya sayi takalma na jika 100 a ƙasar waje, ya biya jika 40 na jigila saboda kayansa kaɗan ne. Duwan za ta yi lissafi bisa jika 140. Kashi 20 na wannan jika 28 ne, an kai 168. TVA bisa 168 ta kusa jika 32. Ke nan kayan jika 100 sun tashi kusan jika 200, ba a ma sa ƙananan kuɗaɗen nan ba, ba a sa motar da za ta kai su gida ba. Maƙwabcinsa da ya cika kwantena, wanda jigilar irin waɗannan takalma ta tsaya masa jika 10, lissafinsa zai tsaya wajen jika 157. Bambancin jika 43 ne. Jika 30 daga ciki na jigila ne, sauran 13 kuwa haraji ne da ƙaramin ya biya bisa tsadar jigilar da ya riga ya sha. Wato ƙanƙantar jari ita ma ana biya mata haraji.

Malamar ta taɓa tambayar kanta, ina amfanin zumuncin ƙasashe da ake ta faɗi a rediyo, idan kayan Kano za su biya duwan a Konni? Amsar tana cikin maganar asalin kaya. Tsarin sassauta ciniki na CEDEAO ya yafe kuɗin duwan ga abin da aka noma, ko aka kiwata, ko aka ƙera cikin ƙasashen ƙungiyar. Kayan masana'anta sai da takardar shaidar asali, kuma sai masana'antar ta samu amincewa tukuna. To, masaƙun Kano da Kaduna da suka yi tashe a shekarun 1980 yawancinsu sun daɗe da rufewa, babban kaso na yadin da ke Kantin Kwari daga Sin yake zuwa. Yadin da aka saƙa a Sin, ko ya shekara a Kano, a idon doka baƙo ne. Ya biya kuɗin shiga Najeriya, zai kuma sake biya idan ya shigo Nijar. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairu na 2025, kuma a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa tsohon tsari har sai an sake shawara. Wannan sassauci bai taɓa shafar yadin Sin ba, ko kafin ficewar ko bayanta.

Da ta fahimci haka, sai ta ce ai gara ta je tushe. Wasu ƙawayenta na Yamai suna sayen kaya kai tsaye daga Sin ta Alibaba, ko ta hannun ƴan Nijar mazauna Guwanzu masu tara kayan mutane su aiko. Nan ma hanya biyu ce, kowace da nata ƙaya. Jirgin sama da kilo yake awo, yana da sauri, amma takalmi da jaka masu nauyi ne, kuɗin kilo na iya cinye ribar. Jirgin ruwa da girman wurin da kaya suka cika yake awo, yana da sauƙi, amma sai an yi haƙurin watanni, jari na kwance, masu saye na ƙorafi. Sa'an nan Nijar ba ta da gaɓar teku. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatanu zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000, daga Yamai zuwa Madawa kuma wata doguwar tafiya ce ta kusan yini. Duk kwalin da zai zo Karofan daga Sin, sai ya biya teku, ya biya tasha, ya biya hanyar ƙasar wasu, kafin ya fara biyan tasa.

Shekara ta 2023 ta zo da darasin da ba ya cikin kowane lissafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi ran 30 ga watan, iyakokin Najeriya da Benin suka rufe. A daidai wannan lokaci ne naira ke faɗuwa: tun da babban bankin Najeriya ya sake ta a watan Yuni na 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 cikin Fabrairu na 2024. Ga mai riƙe da sefa, kayan Kano ba su taɓa yin araha irin haka ba, ga kuma hanya a toshe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. An ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu na 2024, iyakar Najeriya ta buɗe cikin Maris, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe. Manyan motoci suka koma ɗaukar kaya daga Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin jerin gwano da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin jigila ya bi su.

Cikin waɗannan watanni ne wani yaro ya zo mata da tayi. Ya ce yana da babur, ya san hanyoyin daji, zai tsallako mata da kaya cikin dare ba tare da ta biya duwan ko dala ba. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, mutanen da ke zaune hagu da damanta kuwa dangin juna ne, saboda haka irin wannan tayi ba baƙon abu ba ne. Malamar ta kai maganar gaban kawunta, wani dattijo da ya tsufa cikin fataucin albasa tsakanin Galmi da Abijan. Ya saurare ta har ta gama, sa'an nan ya ce: "Ɗiyata, in yaron nan ya dawo ya ce an kama kaya, ko ya faɗi cikin kwazazzabo sun jiƙe, wurin wa za ki kai ƙara? Da wace takarda?" Ta ce: "Kawu, ai kowa haka yake yi." Ya ce: "Kowa ba malamin lakwal ba ne. Albashin da kike jira ƙarshen wata, daga ina kike tsammani yake fitowa?"

Wannan tambaya ta zauna mata. Kuɗin duwan kaso ne mai tsoka cikin abin da ke shiga baitulmalin ƙasa, daga nan ake biyan malami da likita da jandarma. Idan ta kauce wa duwan, da hannun dama ta ƙwace abin da take miƙa hannun hagu tana jira. Idan kuma ta biya duka yadda lissafin can na sama ya nuna, kayanta sun fi na kasuwar Madawa tsada, ba mai saye. Dubban ƙananan ma'aikata da ke haɗa aikin gwamnati da ɗan ciniki suna cikin wannan tsaka mai wuya, ko da ba su faɗi ba.

Dattijon ya ga rufe iyaka sau uku a rayuwarsa: na 1984 zuwa 1986 zamanin mulkin soja a Najeriya, da na 2019, da na 2023. Ya kuma ga ranar 12 ga Janairu na 1994, da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka ninka kuɗi. Abin da ya koya cikin duk wannan shi ne mai tafiya shi kaɗai shi ke fara faɗuwa. Ya tuna mata da yadda fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suke yi. Ba wanda ke kama hanyar Salaga da jakinsa shi ɗaya. Ayari ake haɗawa, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na tara kuɗin fito daga hannun kowa gwargwadon kayansa, malamin ayari na riƙe da lissafi. Idan an iso ƙasar wani sarki, madugu ne ke zuwa ya daidaita abin da za a biya da sunan kowa. Haka su ma ƴan albasa suke yi har yau: mutum biyar ko goma su cika kamyo guda, kowa ya sa wa buhunansa alama da fenti, mutum ɗaya ya raka kaya da takardu. Ya ce: "Ku masu salular nan, kun samu kasuwa, kun manta da ayari."

Da iyaka ta buɗe, malamar ta nemi wasu mata biyar masu irin sana'arta tsakanin Karofan da Buza da Madawa. Suka tsaida rana ɗaya cikin wata ta yin oda. Kowace na ci gaba da tallarta da masu sayenta, amma kaya a wuri ɗaya ake tara su a Kano, a ɗaure su ɗauri guda, kowane ƙunshi da sunan mai shi. Ɗaya daga cikinsu, wadda ke da lambar NIF ta ma'aikatar haraji, da sunanta ake fidda kaya. Sun sa wa kansu doka uku. Ta farko, ba a karɓar kaya daga shago sai da faktir mai nuna ainihin kuɗin saye, domin in babu ita ma'aikacin duwan shi zai ƙiyasta, kuma ba ta yadda za a yi masa gardama. Ta biyu, duk abin da aka biya a hanya sai an nemi takardar biya, an kuma rubuta shi cikin littafi guda da kowa ke iya dubawa. Ta uku, kuɗin da za a faɗa wa mai saye shi ne na ƙarshe, har da mota da duwan, don kada kaya su iso a koma ana neman ciko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗawainiyar da a da take kan turmi goma ta koma kan sittin, ribar ta fara zama abin da ake iya gani.

Sai dai akwai abin da ayarin mata shida ba zai iya gyarawa ba, shi ne rashin tabbas. Kaya iri ɗaya, yawa ɗaya, wannan wata a yi musu kuɗi kaza, wata mai zuwa a yi musu wani. A wani shinge bisa hanya an taɓa tsaida ɗaurinsu yini guda, duk da takardu sun cika, har sai da direba ya ba da na goro, abin da ba shi da takarda balle ya shiga littafi. Ɗan kasuwa na iya jure haraji mai nauyi idan ya san shi tun kafin ya saro kaya, domin zai sa shi cikin kuɗin sayarwa. Abin da ke karya shi shi ne kuɗin da bai san da shi ba sai kaya na hanya, bayan ya riga ya yi wa mai saye alkawari. Mai sayarwa ta salula ba ta da rumfa, ba ta da kanti, amana ce kaɗai jarinta. Ranar da ta ce jika 15 ta dawo ta ce 18, ta yi asarar abin da ya fi jika 3.

Matsalar ƙananan ƙunsuna ba ta Nijar kaɗai ba ce, duniya duka na fama da ita. Amurka ta yafe haraji ga duk ƙunshin da bai wuce dalarta 800 ba tun 2016, sai ƙunsunan Sin suka yi mata ambaliya, ta soke yafewar cikin 2025. Tarayyar Turai ta soke yafe TVA ga kayan da ba su kai yuro 22 ba tun ran 1 ga Yuli na 2021. Najeriya kuwa ta bi wata hanyar: a watan Satumba na 2025 ta yafe kuɗin duwan ga ƙunshin da bai wuce dalar Amurka 300 ba, sau huɗu a shekara ga mutum guda. A gabashi da kudancin Afirka, ƙungiyar COMESA ta fito da tsari na musamman don ƙananan ƴan kasuwar kan iyaka, wanda aka soma cikin 2010 tsakanin Zambiya da Malawi da Zimbabuwe: jerin kayan da aka amince da su a manne bakin iyaka, takarda guda mai sauƙi, da ma'aikacin da aikinsa shi ne ya yi wa mutane bayani. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne yafewa gaba ɗaya na iya zama ƙofar da manya za su bi su farfasa kayansu ƙanana, amma sauƙaƙa takardu da bayyana kuɗi a fili ba ya rage wa baitulmali kome.

A birnin Yamai ne, ran 7 ga Yuli na 2019, shugabannin Afirka suka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar, ZLECAf, wadda aka sa wa hannu a Kigali cikin 2018, kuma cikin Fabrairu na 2024 aka amince da ƙarin yarjejeniya kan ciniki ta intanet. Waɗannan manyan takardu za su yi ma'ana ga mutumin Adar ne ranar da suka sauko bakin shinge. Kuma kada a ɗauka maganar shigo da kaya ce kaɗai. Hanyar da ke kawo atamfa ita ce za ta fitar da kilishin Madawa da tabarminta, da busasshiyar albasa, da cukun makiyaya. Ƴan Adar da ke zaune Abijan da Akra da Legas dubbai ne, kowanensu da salula a hannu da kewar abincin gida a zuciya. Su kasuwa ce a shirye. Maigidan malamar ya sha gaya mata cewa da kilishi zai riƙa isowa cikin tsari da kuɗin mota sananne, da abokan zamansa kaɗai sun ishe ta ciniki. Abin da ke hana ƙaramin kwali shigowa cikin sauƙi, shi ne ke hana shi fita.

Bisa ga haka, akwai abin da ya rataya a wuyan magabata. A rubuta kuɗin duwan na kayan da aka fi shigowa da su, da Faransanci da Hausa, a manna a Konni da Ɗan Isa da sauran mashigai, a kuma riƙa karanta shi a gidajen rediyon karkara. A fito da takarda guda mai sauƙi, da kuɗi tsayayye, don kayan da ba su wuce wani adadi ba, yadda mai kwali biyu ba sai ya nemi taranzite ba. A ba da damar biya ta salula, domin kuɗin da ya bi ta waya yana barin sawu, kuma kai tsaye yake shiga baitulmali. A rage shingayen da ke tsakanin iyaka da garuruwan cikin ƙasa, kayan da suka biya sau ɗaya su wuce. A amince da ƙungiyoyin ƙananan masu sayarwa su fidda kaya da suna guda. Ma'aikacin duwan mai gaskiya shi zai fi kowa hutawa da wannan tsari, domin gardama za ta ragu, zargi ma haka.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan masu sayarwar. Su san gidan da kayansu suke cikin gidajen haraji biyar kafin su tura kuɗi. Su yi lissafin turmi a ƙofar gida, su bar lissafinsa a ƙofar shago. Su haɗa kai, su riƙe littafi, su nemi takarda. Manyan ƴan kasuwa da masu motocin jigila su ma suna da abin samu a nan: kamyon da ya sauke albasa a bakin teku, da motar fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Konni da Madawa da Tawa, duk suna da wurin da zai ɗauki kayan ayarin ƙanana, idan aka tsaida rana da kuɗi sananne.

Yawan masu ciniki ta salula ƙaruwa yake yi kowace shekara, mafi yawansu mata ne da matasa waɗanda ba su da wata hanyar samu. Ƙasa na da zaɓi game da su. Idan ƙofar doka ta yi musu tsada da duhu, hanyar daji na nan, yaro da babur na jira, baitulmali ya rasa, su ma su zauna kullum cikin fargaba. Idan aka faɗaɗa ƙofar aka haskaka ta, da ƙafarsu za su zo su biya, domin ba mai son jarinsa ya kwana a daji. Fataken da sun san kuɗin fito kafin su ɗaura wa jaki kaya. Jikokinsu ma abin da suke nema ke nan.